Marubutanmu Sun Daina Duba Ƙofar Gida

Wata ranar Alhamis cikin watan jiya, 'yar yayata ta turo mini saƙo ta WhatsApp. Bara ta gama sakandare, tana zaman jiran shiga jami'a. Ta ce, "Kawu, na fara rubuta littafi. Don Allah ka duba mini, kuma kada ka ɓoye mini komai." Shafi goma sha huɗu ta turo. Bayan sallar isha'i na kishingiɗa na karanta su tas, ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Yarinyar tana da hannu, wannan babu tantama. Jimlolinta ba sa harɗewa, kuma ta san inda za ta datse magana ta bar mai karatu da ƙishirwa. Amma tun a shafi na biyu na san inda labarin zai kwana. Budurwa ce fara sol, mai dara-daran idanu da dogon hanci, gashi har gadon baya, marainiya a hannun kishiyar uwa. Saurayin kuwa ɗan wani hamshaƙin attajiri ne da ya dawo daga karatu a Ingila, miskili, ba ya dariya, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Gidansu yana Maitama, falo uku, ko'ina marmara, motoci a jere a rumfa. Ita kuwa marubuciyar ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba. A cikin birnin Kano aka haife ta, a wani lungu da mota ba ta shiga. Mahaifinta tela ne, kekensa yana zauren gidan shekara ashirin da ɗoriya.

Washegari na kira ta. Na ce, "'Yata, wannan gidan a ina kika gan shi?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ai haka ake rubutawa, Kawu."

Tun daga ranar amsar nan ta hana ni sakat, domin gaskiya ta faɗa. Haka ake rubutawa. Ta karanta littattafai sun fi hamsin a wayarta, kuma kusan dukkansu 'yan uwanta marubutan intanet ne suka rubuta su, waɗanda su ma abin da suka karanta ke nan. Wannan ta ɗauko daga waccan, waccan ta ɗauko daga wata, har aka wayi gari gida ɗaya ne, miskili ɗaya ne, marainiya ɗaya ce ake ta sauya musu suna. A ganina wannan ita ce babbar cutar da ke cin ƙagaggen labarin Hausa a yau, kuma ta fi batsar da ake ta kuka da ita yaɗuwa. Marubutanmu matasa sun taƙaita karatunsu ga junansu, sun kuma daina ɗaga kai su dubi abin da ke faruwa a ƙofar gidansu.

Aro a kansa ba laifi ba ne. Da aro aka kafa harsashin wannan gini. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, littattafai biyar suka fito daga cikinta. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma shi da kansa ya bayyana cewa daga littafin Larabcin nan Maƙamatul Hariri ya samo dabarar mutum biyun nan da ke ta yi wa juna wayo a Ruwan Bagaja, littafin da ya shiga gasar da shi. Da aka kawo shi Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, tarin littattafai aka ajiye masa: Alfu Laila, tatsuniyoyin Turawa, hikayoyin Indiya da na Larabawa. Ya karanta, ya ɗiba yadda ya ga dama. Amma wane yaro ne ya taɓa karanta labaran da aku ke ba ɗan sarki ya ji warin baƙunta? Imam ya shigo da labarin Bagadaza da na Jamus, ya tuɓe musu kayansu, ya sa musu taguwa da hula, ya zaunar da su a fada da kasuwa da bakin rijiya. Abu biyu ya haɗa a lokaci guda: karatu mai faɗi wanda ya tsallaka harshensa, da kunnen da ya san yadda bafade yake magana, yadda mahauci yake rantsuwa, yadda ƙauye yake tsoron birni. Marubucin yau da nake magana a kansa ya rasa duka biyun. Karatunsa bai wuce zauren WhatsApp ba, kunnensa kuma yana toshe.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu raina littattafan soyayya. Da su na koyi karatun Hausa da sauri. Na tuna lokacin da muke karɓar hayar littafi a wajen wani mai tebur a bakin layinmu, ka biya kuɗin kwana ɗaya, ka ɓoye shi a cikin littafin lissafi, ka karanta da fitilar ƙwai har idonka ya yi ja, don gobe da safe sai ka mayar. Mata da yawa da aka cire daga makaranta, waɗannan littattafan ne suka hana karatunsu gudu. Lokacin da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubutan Kano ne suka tara 'yan kuɗaɗensu suka buga da kansu, suka kai kasuwa da kansu, har littattafan suka isa Maraɗi da Damagaram. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta fafatawa a shafukan jaridu cikin shekarun 1990 tsakaninsa da su Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan darajarsa. Duk inda mutum ya tsaya a wannan muhawara, dole ya yarda cewa mafiya kyau daga cikin marubutan wancan zamani sun rubuta abin da ya ƙone su ne. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa da ta zo rubuta auren wuri da jahiltar da 'ya mace ba ta buƙaci ta ari hoton kowa ba. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta, shi aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Mutanen wata nahiya suka zauna suka karanta rikicin cefane da kishi na wani gida a Kano, domin gidan na gaske ne, ana jin hayaƙin murhunsa.

To me ya sauya? Abu na farko shi ne yadda ake fitar da labarin. A da, komai gaggawar marubuci, sai ya gama rubutu a takarda, ya kai a buga masa a na'ura, ya karanta, ya biya maɗaba'a. Tsakanin alƙalami da mai karatu akwai watanni, kuma a cikin watannin nan mutum yakan ga kuskurensa. Yanzu marubuciya tana buga shafi a waya da daddare, ta tura zaure kafin ta kwanta. Da asuba masu karatu sun cika ta da sharhi: a ƙara wa wance wahala, kada a bar wane ya auri wance, yau shafin ya yi kaɗan. Idan labarin na kuɗi ne, an biya ɗari biyar ko dubu an shiga zauren, to ta zama mai bashi a wuya. Ranar da ba ta turo ba za ta sha gori. Wanda ke cikin wannan hali yaushe zai koma babi na uku ya gyara, bayan babi na uku ya riga ya zaga wayoyi dubu? Yaushe zai gane cewa mutumin da ya kashe a shafi na arba'in shi ne ya kamata ya riƙe labarin? Abin da ya fi sauƙi shi ne ya miƙa hannu ya ɗauko abin da ke kusa, abin da aka saba, wanda ya tabbata ba za a yi masa bore a kai ba. Haka labari ke kai shafi ɗari da hamsin alhali abin da ke cikinsa bai fi na talatin ba.

Ni kuwa abin da na sani game da wannan sana'a, bayan shekarun da na yi ina fama da ita, shi ne rubutun farko zubar da kaya ne kawai a tsakar gida. Aikin yana farawa ne lokacin da ka dawo kana tsincewa. Ka karanta da ƙarfi ka ji inda harshenka ya yi tuntuɓe. Ka tambayi kowace jimla me ta zo yi. Ka ga inda ka ce "ranta ya ɓaci matuƙa", ka goge, ka nuna ta tana kankare tukunyar da ta riga ta fita tas. Na taɓa ajiye wani gajeren labari wata huɗu a cikin akwati, da na ɗauko shi sai na ga shafuka biyun farko duk share fage ne, labarin ya fara ne a inda matar ta tambayi mijinta kuɗin niƙa. Da na tura shi a daren da na rubuta shi, da ban taɓa ganin haka ba.

Akwai hujjar da ake kawo mini kullum, kuma ba na raina ta. Ana cewa mai karatu yana cikin wahala, ga tsadar abinci, ga rashin wuta, ga rashin tsaro, idan ya buɗe littafi so yake ya huta, ya shiga gidan da babu sauro. Me zai sa a sake nuna masa talaucin da ya baro a tsakar gida? Na yarda mutum yana da haƙƙin ya yi mafarki. Tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana ma cike take da 'ya'yan sarki da dawakai da gidajen da ba a taɓa gani ba. Amma ku tuna yadda tsohuwa take yin ta. Da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", muka ce "Ta zo mu ji ta", ko da labarin zai kai mu ƙarƙashin ruwa ne, da tsamin baki irin na Gizo za ta tafi da mu, da kwaɗayinsa wanda muka san irinsa a gidanmu, da haƙurin Ƙoƙi wanda muke gani a wajen iyayenmu mata. Abin mamakin yana tsayawa ne a kan ƙafar abin da aka sani. Miskilin Maitama kuwa ba shi da ƙafa. Ba ya jin yunwa, ba ya tsoron mahaifinsa ta hanyar da ɗan Bahaushe ke tsoro, ba a san sana'ar da ta tara masa dukiyar ba sai dai a ce "kamfanoninsa". Wanda ya gama karanta shi ba ya tuna shi bayan sati guda, sai ya nemi wani irinsa, kamar mai shan ruwan gishiri. Idan marubuciya tana son ta rubuta gidan masu kuɗi, ta rubuta, amma ta je ta ga yadda ake zama a cikinsa, ta ji abin da 'yar aiki ke ji idan Hajiya ta ƙirga naman miya.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne duk surutun da ake yi a kan littattafan Hausa, a kan tarbiyya ake yin sa. An kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001, daga baya hannunta ya kai ga marubuta. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a. Yau ma idan aka tashi zancen marubutan intanet a rediyo, batsa ce kan magana. Ni ma ba na son batsa, kuma ba zan so 'yata ta karanta ta ba. Sai dai tsawon shekarun nan ban cika jin an zauna an tambayi ko labarin ya ginu ba, ko mutanen cikinsa suna numfashi, ko Hausar ta nuna. Sakamakon haka marubuci ya koyi cewa muddin ya kauce wa batsa, ya liƙa nasiha a shafin ƙarshe, ya sauke nauyi. Nasihar da aka liƙa daga waje kuwa ba ta kama zuciya. Labarin da ya sa ka kwana kana tunanin halin da bazawara take ciki a gidan ƙaninta ya yi maka wa'azin da ya fi shafi goma na "ya ku 'yan uwana mata".

Sai maganar harshe. Ba ina nufin ƙa'idojin rubutu kaɗai ba, ko da yake raba kalma da haɗe ta ma sun zama abin tausayi. Ina nufin kowa a cikin labarin da murya ɗaya yake magana. Kaka da jika, direba da likita, Bakatsine da Bazazzagi, duk bakinsu ɗaya, rabi Hausa rabi Ingilishi, irin na hirar waya. Alhali Hausa tana da arzikin da marubuci zai yi wasa da shi har ya gaji. Matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, yadda take kewaye sunan nan kaɗai ya isa ya nuna wace ce ita. Surukar da ta ce "Sannu da hutawa" ga matar ɗanta da tsakar rana ta yi faɗa cikakke ba tare da ta ɗaga murya ba. Habaici, zambo, karin magana, gatse, shirun da ake yi idan babba ya shigo, duk kayan aiki ne da babu wanda zai same su a cikin waya. Sai an zauna a gidan biki an saurara, an tsaya a tashar mota, an je kotun shari'a an ji yadda miji da mata ke ba da labarin dare ɗaya ta hanya biyu.

Shi ya sa idan matashi ya tambaye ni me zai karanta, nakan ce ya fara da na gaba da shi, tun daga na 1933 har zuwa na gasar farkon shekarun 1980 da ta fito da labaran da suka taɓa siyasa da fasa ƙwauri da rayuwar bariki. Ya karanta rubutattun waƙoƙi don ya ga yadda ake auna kalma. Ya saurari makaɗan baka. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya ɗauki karen mota, mutumin da kowa ke wucewa bai kalla ba, ya mai da shi abin waƙa, kuma darasin da ke cikin wannan zaɓi ya ishi marubuci tunani. Wanda ya iya Larabci ya shiga adabin Misira da Sudan, wanda ya iya Ingilishi ko Faransanci ya karanta na sauran Afirka da na duniya, ya ga yadda wasu suka warware matsalar da shi ma yake fama da ita. Ya karanta tarihin garinsu. Ya karanta abin da ba ya so ma, don ya san dalilin da ya sa ba ya son sa. Sha'awar marubuci ita ce rumbunsa, kuma abin da ya zuba a ciki shi zai ɗebo ranar da ya zauna rubutu.

Ina da shaidar cewa hannayen suna nan. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, ana ganin abin da ke faruwa idan aka ce wa marubuciya ga iyakar kalmominki, ba za ki wuce dubu ɗaya da ɗari biyar ba, kuma alƙalai za su karanta. Labarin da ya zo na ɗaya a shekarar farko a sansanin 'yan gudun hijira aka gina shi. Da yawa daga cikin masu shiga gasar nan su ne dai marubutan zaurukan WhatsApp ɗin. Da aka ƙuntata musu fili, aka ba su lokaci su gyara, sai ga shi sun ajiye marmara sun ɗauko abin da suka gani da idonsu: fyaɗe, garkuwa da mutane, shaye-shaye, zawarci. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin marubuta, da suke da yawa a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Gusau, su mai da karatun juna da gyaran juna babban aikinsu, fiye da bikin karramawa. A samu wanda zai karanta maka ya ce babin nan bai yi ba, kuma ka gode masa.

Na koma wajen 'yar yayata da kaina ranar Asabar. Muka zauna a zaure, mahaifinta ya fita sayen zare. Na nuna mata keken, na ce ta gaya mini abin da ke faruwa a nan daren jajiberin Sallah. Ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai wannan ba labari ba ne." Na ce ta dai faɗa. Sai ta fara. Ta ce Baba ba ya kwanciya kwana uku. An ɗauke wuta, yaransa biyu suna guga da dutsen gawayi, ɗaya yana hura shi a bakin ƙofa tartsatsi yana tashi. Mutane a zaune a kan benci har waje, kowa ya kafa wa hannun Baba ido. Ta ce akwai wani mutum da ke zuwa duk shekara da yadi ɗaya ya ce a fitar wa 'ya'yansa uku riga, Baba ya juya yadin ya sake juyawa, ya auna da kamu, ya yi shiru, sannan ya ce, "Za a san yadda za a yi." Idan mutumin ya tafi sai ya buɗe buhun ƙyallaye ya nemo wanda ya yi kama ya cika hannun rigar ƙaramin, bai taɓa gaya masa ba. Ta ce bara kuma har aka sauko daga idi nasu kayan ba a ɗinka ba, ƙanenta ya ƙi fita, ya shige bayan ƙyaure yana kuka, Baba ya dawo daga masallaci ya same shi, ya tsaya a kansa ya kasa cewa komai.

Tana kaiwa nan muryarta ta sauya, ta yi shiru tana kallon keken. Na ce, "Wannan za ki rubuta mini." Ta ce tana tsoron babu mai karantawa, ƙawayenta za su ce labarin ƙauye ne. Na ce ta rubuta tukuna, kada ta tura wa kowa, ta ajiye shi sati biyu sannan ta sake karantawa da ƙarfi ita kaɗai a ɗaki.

Shekaranjiya ta turo mini shafi huɗu. Ta fara da ƙarar almakashi a kan tebur da ƙarfe biyun dare. Akwai wurare biyu da ta koma tsohon hali, ta ce wani abu "na alfarma" ne, na ja mata layi a ƙarƙashinsu. Mutumin mai yadi ɗaya kuma ta sa shi ya yi dogon jawabi a kan talauci, na ce ta cire, ta bar shi da abin da ya saba faɗa idan zai tafi. Ta ce abin da yake cewa kawai shi ne, "To, Malam, sai na zo." Na ce shi za ta rubuta. Yanzu tana kan gyara na uku.